Yadda ake sa masassaƙi ya ƙera maka dabul bas da hannu

Dabul bas shi ne babba a dangin gogen Turawa, kuma shi ne mai kaurin murya. Tsayinsa yana kai santimita 180, har ya ɗan ɗara. A tsaye ake kaɗa shi ko a kan doguwar kujera, da izga, ko da yatsa kamar yadda 'yan jaz suke yi. Tsirkiya huɗu gare shi, ana kiran kowace da harafin muryarta, E da A da D da G, kuma ta E ɗin sau 41 kacal take karkarwa a daƙiƙa. Akwai na masana'anta da ake matsawa da filawud, ga araha ga jure wahala. Ba shi ake nufi a nan ba. Ana nufin wanda mutum ɗaya yake sassaƙawa daga ɗanyen katako, a kan awon jikin mai shi. Sana'ar tsohuwa ce. Gasparo da Salò ya yi ta a Brescia ta Italiya tun ƙarni na 16, kuma wanda shahararren makaɗi Domenico Dragonetti ya riƙe daga aikinsa yana ajiye a cocin San Marco a Venice. Har gobe ana koyar da sassaƙar dangin goge a Cremona, da Mittenwald ta Jamus, da Mirecourt ta Faransa.

Abin da za ku daidaita kafin ka ba da kafin alƙalami

Dabul bas ba shi da awo guda da kowa ya yarda da shi, don haka awon ne farkon magana, ba launi ba. Fara da tsawon tsirkiyar da take karkarwa, daga saman wuya zuwa jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya take hawa a kan allon gaba. A girman da aka fi amfani da shi, wanda ake kira uku bisa huɗu, santimita 104 zuwa 106 ne. Mai gajerun yatsu kada ya yarda a wuce haka, domin ƙarin santimita biyu kan buɗe tazarar kowace murya, hannun hagu ya dinga ciwo. Sai kafaɗa. Faffaɗar kafaɗa tana ba ciki girma, amma tana tare hannu idan za a gangara wajen sirarar murya. Makaɗin da yake kiɗan kaɗaici ya nemi mai zubabbiyar kafaɗa.

Tambayi kuma ko wuyan D ne ko na E mai sauƙi, wato muryar da ke tsakanin D da E. Idan babban yatsa ya sauka a gindin wuya, muryar da manuni yake fitarwa a tsirkiyar G ita ce sunan wuyan. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya zai yi ta kuskure a ɗayan, kuma gyaran bayan an gama aiki ne mai tsada.

Allon baya iri biyu ne. Akwai shimfiɗaɗɗe mai sanduna a gicciye ta ciki, akwai mai doro da aka sassaƙa. Shimfiɗaɗɗen yana saurin amsawa kuma bai cin katako da yawa, sai dai allon yana buɗewa yana tsukewa da yanayi, sandunan kuwa ba sa binsa, daga nan tsagewa take farawa. Wanda zai zauna da kayan a ƙasa mai tsananin rani, mai doro ya fi masa. Idan kana son murya ƙasa da E, ko dai a yi mai tsirkiya biyar tun farko, da faɗin wuya da jaki daidai da ita, ko a ƙara wa tsirkiyar E tsawo ta saman kai har ta kai C.

Katako

Allon gaba na icen sifrus ne, baya da gefe da wuya na mepul, kodayake tsofaffin Italiyawa sun yi baya da fofla da wilo, kuma muryarsu tana da taushi. Allon yatsu na eboni ne, baƙin ice ɗan uwan kanya, wanda mai yawa daga cikinsa daga dazuzzukan Kamaru yake fitowa. Ana fasa gungumen sifrus daga tsakiya zuwa ɓawo, a raba ɓangare ɗaya biyu, a buɗe shi kamar littafi, a haɗa da gam. Nemi masassaƙin ya gaya maka shekarar da aka sare icen. Masu aiki da hankali ba sa taɓa wanda bai yi shekara biyar zuwa goma yana bushewa a inuwa ba. Ɗanye yakan ci gaba da tsukewa bayan an rufe ciki, fuska, wato allon gaba, ta lotsa ƙarƙashin jaki. Duba jijiyar icen: ta miƙe sambal daga sama har ƙasa. Zanen da ke walƙiya a mepul ado ne kawai, kuɗi yake ƙarawa ba murya ba.

Aikin kansa

Da gefe ake farawa. Ana fere mepul har kaurinsa ya koma milimita biyu da rabi zuwa uku, a ɗan jiƙa shi, a lanƙwasa a jikin ƙarfe mai zafi, a manna a kan guntayen katako shida: na wuya, na gindi, da na kusurwa huɗu. Zurfin gefen yana kai santimita 20 zuwa 23. Da girma haka da siranta haka, gefe ne ya fi saurin tsagewa, shi ya sa wasu suke manna ƙyallen lilin ta ciki.

Allon gaba ne ke cin lokaci. Ana fara tayar da doron ta waje, kamar santimita huɗu, sannan a juya a rarake ciki da cizal mai lanƙwasa, a bi da ƙarfen kankara. Kauri ba ɗaya ba ne ko'ina: milimita takwas zuwa goma a tsakiya inda jaki yake dannawa, ya sirance zuwa biyar ko shida wajen baki. Babu adadi guda da ya dace da kowane katako. Masassaƙi yana lanƙwasa allon a hannu, yana ƙwanƙwasawa yana saurare, yana awo. A nan ne kuɗinka yake tafiya. Idan ya bar shi da kauri, kayan zai yi ƙarfi amma muryar a shaƙe. Idan ya sirantar da shi fiye da kima, zai yi daɗin ji a shekarar farko, har mai saye ya ruɗu, sannan nauyin tsirkiya, wanda gaba ɗaya ya haura kilo 100, ya lotsar da shi a hankali. Bayan an yanke tagogi biyu masu siffar harafin f, sai a manna wata doguwar azara ta sifrus ta ciki, ƙarƙashin ƙafar jaki ta wajen E. Dole ta kwanta a jikin allon ba tare da rata ba; da alli ake gwadawa, a kankare, a sake gwadawa.

Gam ɗin na fatar dabba ne, ana narkar da shi a ruwa mai zafin digiri 60. Ba don bin al'ada ba ne: ɗumi da danshi suna sake shi, don haka ana iya buɗe kayan a gyara ko bayan shekara ɗari. Da gangan ake tsinka gam ɗin allon gaba, don idan katako ya ja, bakin da allo ya haɗu da gefe ya ɓalle maimakon allo ya tsage. Wanda ya ce da farin gam na kafinta ko mai ƙarfin ƙarfe zai rufe ciki, ka nemi wani.

Banish, wato shafen da ke kare katako ya sa shi sheƙi, ko na mai ne ko na sifirit, shafi kan shafi, kowanne sai ya bushe. Kada ka matsa wa masassaƙin a nan.

Ranar karɓa

Leƙa ta tagar wajen G da tocila. Za ka ga wani siririn turke na sifrus, kaurinsa milimita 16 zuwa 19, a tsaye tsakanin gaba da baya, ɗan bayan ƙafar jaki. Ba a sa masa gam, matsi ne kawai yake riƙe shi. Ya tsaya a miƙe, bakinsa biyu su zauna daram. Matsar da shi milimita biyu yana sauya murya, don haka ka kaɗa a gaban masassaƙin, ka faɗi abin da ka ji, ya gyara. Idan ya yi tsawo, shi ke tsaga allon gaba, kuma wannan tsagar tana karya darajar kayan sosai.

Ƙafafun jaki su daidaita da tsagin ciki na tagogin nan biyu, bayansa kuma ya tsaya tsaye a kan fuska. Auna tazarar tsirkiya da ƙarshen allon yatsu: milimita biyar zuwa bakwai a G, takwas zuwa goma sha ɗaya a E. Danna tsirkiya a sama da ƙasa lokaci guda, ka ga ɗan rami na milimita biyu ko kusa da haka a tsakiyar allon. In babu shi, tsirkiya za ta yi ta zuza. Bi kowace murya da izga. Kusan kowane bas mai kyau yana da murya guda da take gurnani tana kakkatsewa, galibi wajen G ko A, kuma ɗan nauyin tagulla a tsirkiya ƙasan jaki yakan lafar da ita.

Karɓi takarda mai sunan kowane ice da asalinsa. Dokar cinikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa ta shafi ebonin Madagaska da icen fanambuko na Brazil da ake yin sandar izga da shi, kuma jami'an kwastan suna iya tambaya.

Idan za a kawo shi ƙasar Hausa

An ƙera shi ne don laima ta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Da hunturu a Kano ko Damagaram takan faɗi ƙasa da 20. Gaya wa masassaƙin tun farko don ya rufe cikin a busasshen ɗaki, ya sa wa jaki ƙafafu masu murɗawa, domin tsirkiya tana sauka da rani ta tashi da damina. Ya kuma yanka maka turke biyu, gajere na rani da dogo na damina. A gida, ajiye na'urar auna laima da mai fesa danshi a ɗakin, nesa da taga da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Idan za ka canja tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, ka goga bakin fensir a gurbinta a kan jaki. Idan ka sassauta duka huɗun a lokaci guda, turken zai iya faɗuwa. Baki kuwa idan ya ɓalle, ka rage ɗaurin tsirkiya kaɗan, kada ka ɗura masa gam ɗin kasuwa, ka jira mai gam ɗin fata.