Yadda za ka kalli finafinan Halloween ba tare da na ƙarshen ya ɓata maka rai ba

Finafinan ban tsoro na Halloween sun kai 13, kuma kada ka ce sai ka bi su a jere. Ba labari ɗaya ba ne, an sha warware shi ana sake ɗinkawa. Ga hanyar da nake ba duk wanda ya tambaye ni.

Fara da na 1978, wanda John Carpenter ya ba da umarni. Kalle shi da dare, ka kashe fitila, ka sa abin kunne saboda kiɗan da Carpenter ya tsara da kansa. Jini kaɗan ne a cikinsa. Tsoron yana wajen yadda makashin, Michael Myers, ke tsayawa shiru da farin abin rufe fuskarsa, a bayan shingen ganye ko tsakanin zannuwan da aka shanya, yana kallon Laurie Strode, budurwar da yake farauta. Ta waiga, ya ɓace. Jamie Lee Curtis ce ta fito a Laurie, kuma tun daga nan za ka fara jin ta a ranka.

Daga nan tsallaka kai tsaye zuwa na 2018 na David Gordon Green. Shi ya yi watsi da duk abin da ya zo a tsakani, har da zancen cewa Laurie ƙanwar Michael ce, wanda na 1981 ya kawo. Sai Halloween Kills na 2021, da ya ɗora a wannan daren, kuma ya ƙare da Michael ya kashe Karen, 'yar Laurie.

Yanzu ga inda matsalar take: Halloween Ends na 2022. Kada ka kalle shi a daren da ka gama Kills. Jininka zai kasance a sama kana jiran ramuwa, shi kuwa fim ɗin ya tsallake shekara 4 ya kama wani labarin daban. Jaruminsa na gaskiya wani saurayi ne, Corey Cunningham, wanda yaron da aka ba shi raino ya faɗo daga bene ya mutu bisa kuskure, mutanen garin Haddonfield suka tsangwame shi. Michael yana can ɓoye a magudanar ruwa, ya tsufa ya yi laushi, kuma za ka daɗe kana kallo kafin ka gan shi. Har akwai inda Corey ya kayar da shi ya ƙwace abin rufe fuskar. Wurin nan ya yi mini ciwo sosai. Mutumin da gari guda ya taru a kansa a fim ɗin baya bai mutu ba, shi ne saurayi ɗaya zai danne?

Don haka ka shiga da sanin cewa labarin Corey ka zo kallo, na yadda tsangwama ke lalata mutum. A haka yana da ma'ana, kuma da an yi shi fim mai zaman kansa da na yaba. Laifinsa shi ne an ajiye shi a wurin da aka yi mana alkawarin karon ƙarshe tsakanin Laurie da Michael.

In karon kawai kake so, matsa zuwa kusan ƙarshe, inda suka haɗu a kicin ɗin Laurie. Gajere ne, amma Curtis ta ba shi haƙƙinsa. Ka tabbata yara sun yi barci, akwai yanka ƙuru-ƙuru.

In har ranka bai kwanta ba, akwai wata hanyar: na 1978, sai na 1981, sai Halloween H20 na 1998, ka tsaya nan. Kada ka taɓa Halloween: Resurrection na 2002, domin ya rushe ƙarshen H20, ya kuma kashe Laurie tun a farkon fim.