Darasi na 9: Abincin da Yaro Zai Ci da Hannunsa

Ki lura da ɗanki idan an ajiye tiren abinci a tsakar gida. Da zarar ya iya zama da kansa, za ki ga yana bin hannun kowa da kallo daga kwano zuwa baki, yana miƙa nasa hannun, yawu na zuba. Wannan yaro yana gaya miki ya shirya.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba ya buƙata. Idan ya cika wata 6, nono shi kaɗai ba ya ƙosar da jikinsa, sai a haɗa masa da abinci, a kuma ci gaba da shayar da shi har shekara 2. Yawancinmu kunu muke fara ba shi, kuma daidai ne. Inda muke kuskure shi ne mu tsaya a kan kunu tsararo wata da watanni. Kunu mai ruwa-ruwa yana cika ciki, amma ba ya gina jiki. Yaro na buƙatar abin da zai damƙa, ya kai baki, ya koyi tauna da dasashinsa tun kafin haƙora su fito.

A nan ne mata da yawa kan aika a sayo biskit ko cincin a shago. Raina yana ɓaci idan na ga ɗan wata 8 riƙe da biskit, ga buhun wake a ɗakin uwarsa. Mu da muke Gombe, wake da waken suya da gyaɗa suna cike da Tudun Hatsi, kayan lambu da kifi suna zuwa mana daga Daɗin Kowa, zogale kuma yana bayan ɗaki. Ba sai kin ɗora wa yaro tukunya daban ba. Abincin gida za ki dafa, ki cire nasa kafin ki zuba yaji da gishiri da magi.

Alalen gida duka

Ki jiƙa wake gwangwani 2, ki wanke ki cire dusar. Ki kai markaɗe da albasa 1 da tattasai 2, kada ki sa attaruhu tukuna. Idan ƙullu ya dawo, ki zuba manja ko man gyaɗa, ki fasa ƙwai 2, ki barbaɗa garin zogale cokali 1, ki juya sosai.

Yanzu sai ki ɗebi ludayi 2 ki zuba a ƙaramin gwangwani mai tsabta da kika shafa wa mai. Wannan shi ne na yaro. Sauran ƙullun ki jajjaga attaruhu ki zuba, ki sa gishiri da kayan ɗanɗano yadda maigida da manyan yara suke so. Ki jera su duka a tukunya ɗaya, ki turara kamar minti 40. Ki sa wa gwangwanin yaro alama don kada ya ɓace a cikin sauran. Ki soka tsinke a tsakiya: in ya fito ba ƙullu a jikinsa, ya nuna.

Idan ya huce, ki yanka shi dogo-dogo, tsawon yatsanki da kaurinsa. Yaro ɗan wata 6 ko 7 da tafin hannu yake damƙar abu, don haka sai da tsawo zai samu abin da ya leƙo ya kai baki. Wajen wata 9 yakan fara tsintar abu da yatsu biyu, a lokacin sai ki riƙa yin ƙananan gutsure.

Haka za ki yi da dafaffen dankalin Hausa, musamman mai jan ciki, da kabewa, da wainar ƙwai da ta soyu sosai, da awara mai laushi kafin a soya ta ta yi tauri. Gwanda da ayaba da mangwaro nunannu ba sa buƙatar wuta. Kifi kuwa ki bi shi da yatsa sau biyu, ki tabbatar ba ƙaya ko ɗaya.

Gwajin laushi ɗaya ne: ki matsa abincin tsakanin babban yatsa da manuni. In ya murƙushe cikin sauƙi, dasashin yaro zai iya. In bai murƙushe ba, ki mayar da shi wuta.

Abin da ba a ba shi

Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, gugguru, ƙuli-ƙuli, alewa, ɗanyen karas da dabino mai ƙwallo duk suna iya toshe maƙogwaron ƙaramin yaro. Ki ja kunnen yayyensa, domin su ne suka fi tura masa irin waɗannan a baki saboda ƙauna. Gyaɗar da aka niƙa aka dama a kunu ba laifi. Zuma kuma a jira sai ya cika shekara 1.

Lokacin ci

Ki wanke hannunki da nasa da sabulu. Ki zaunar da shi a miƙe kan tabarma mai tsabta ko a cinyarki, ba a kwance ba, ba yana rarrafe ba. Kada ki tafi ɗibar ruwa ki bar shi da abinci. Zai ɓata jikinsa, ya zubar da rabi a ƙasa. Ki yi haƙuri, koyo yake yi.

Wata ɗaliba ta ce mini surukarta ta hana, wai yaron zai ƙware. Na ce ta gayyaci Inna ta zauna tare da su, ta ba ta alalen ta matsa da yatsunta ta ji laushinsa. Yaro mai koyon ci yakan yi kakari ko tari ya turo loma waje, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ya yi shiru, ba kuka ba tari, numfashi ya gagara. In haka ta faru, ki kifa shi a kan hannunki, kansa ƙasa-ƙasa, ki bubbuga tsakanin kafaɗunsa har sau 5 da gindin tafin hannu, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti nan take.

Aikin gida

Ki rubuta sunayen abinci 3 da ke gidanki yau waɗanda yaro zai iya riƙewa. Ki dafa ɗaya, ki zo aji ki faɗa mana yadda ya karɓe shi.