Bes mai tsirkiya shida: abin da za ka duba kafin ka rabu da mai biyar ɗinka

Tun da na fara fitowa da bes (jitar nan mai kaurin murya) mai tsirkiya shida a majami'armu nan Gombe, kusan duk bayan sujada sai wani matashi ya tare ni a bakin ƙofa, yaya nawa ka saya, yaya a ina ake samu, ni ma fa na gaji da mai biyar ɗin nan. Har yaran Billiri da Kaltungo suna turo min hotuna ta WhatsApp wai in zaɓar musu. To bakina ya gaji da nanata magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kawai.

Da farko ka san me kake saya. Tsirkiyoyin mai biyar ɗinka, daga mai kauri zuwa siririya, B E A D G ne, mai shida shi ma haka, sai dai an ƙara masa C, siririyar nan da take can ƙasa kusa da cinyarka amma muryarta ta fi ta kowa tashi sama. Wato ta wajen ƙugi ba abin da ya ƙaru ko kaɗan, B ɗin da kake da ita ita ce dai, mai kaɗawa wajen sau 31 a sakan ɗaya. Da yawa suna ɗauka mai shida ya fi girgiza benci, a'a. Kuma in ka zauna ka ƙirga, in duka biyun firet 24 gare su, wato ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye a jikin wuya, sabbin muryoyin da C ta kawo maka guda 5 ne kacal a can ƙarshen wuya, wurin da yawancinmu sai mu shekara hannunmu bai je ba. Amfaninta na gaske shi ne hannunka yana wuri ɗaya ka samu fiye da oktaf biyu (oktaf shi ne daga do zuwa do na gaba) ba sai ka yi ta zarya a wuyan ba, kod, wato muryoyin da ake kaɗawa tare, suna fita tas ba su dame kamar kunu ba, kuma ranar da mai kibod bai zo ba kana iya jan waƙar da kanka mawaƙa su bi ka. In aikinka dai riƙe gindin waƙa ne kai da mai dram, irin kiɗan biki ko waƙoƙin Zumuntar Mata da kod uku ke kai ku har ƙarshe, gaskiya ka ajiye kuɗinka ka sayi amfilifaya mai kyau ya fi maka.

Ga wata dabara mai sauƙin kuɗi kafin ka yanke shawara. Ka cire B daga mai biyar ɗinka, ka matsar da sauran sama, ka sa C guda ɗaya a ƙasa ya zama E A D G C, ka yi wata guda a haka. Ramukan ɗan farin abin nan da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya za su ɗan yi musu yawa amma don gwaji ba komai. In wata ya ƙare ka ga C ɗin ƙura kawai take sha, ka samu amsa ke nan.

Sai kuma wani tarko, musamman ga masu oda ta intanet. Akwai wani abu da kamfanin Fender ya fitar tun 1961 mai suna Bass VI, shi ma tsirkiya shida gare shi amma tunin ɗinsa irin na jita ne, E A D G B E, oktaf ɗaya ƙasa da jita, wuyansa gajere inci 30, tsirkiyoyin a matse. Ba shi muke magana ba. Namu shi ne wanda Anthony Jackson, wani makaɗin Amurka, ya sa maƙerin kayan kiɗa Carl Thompson ya ƙera masa a 1975, shi ne irin wanda makaɗan bes John Patitucci da Andrew Gouché suke kaɗawa. Ka tambayi mai sayarwa ya faɗa maka tunin ɗin da bakinsa, in bai ce B zuwa C ba ka wuce.

Yanzu ga inda maganar take, wuya da hannunka. Ni nan na sha kashi. Na farko da na saya a hoto na gani, wani ɗan kasuwa a Legas ya turo min, ya yi kyau kamar a lashe, na tura kuɗi aka sako shi a motar dare. Da na buɗe kwali na kama wuyan sai na ji kamar na riƙe allon makarantar allo, faɗi ba a magana, ɗan yatsana manuni da kyar yake kai wa B, minti ashirin wuyan hannuna ya fara zafi kamar an sa min barkono. Wata huɗu na yi ina fama da shi ina cewa zan saba, ban saba ba, ƙarshe da asara na sayar. Gani ya kori ji, amma a harkar bes taɓawa ma ta kori gani. In da hali ka hau mota ka je Jos ka riƙe da hannunka, ko ka nemi wani mai shi a Bauchi ko nan Gombe ya ara maka na yini ɗaya, kuɗin motar nan bai kai rabin asarar da na yi ba.

Lamba biyu za ka tambaya. Ta farko tazarar da ke tsakanin tsirkiya da tsirkiya a wajen birij, ƙarfen da ke riƙe da gindin tsirkiyoyi a jikin bes. Bes mai huɗu na gargajiya milimita 19 ne, samfurin SR na kamfanin Ibanez mai biyar da mai shida kuma 16.5 ne, akwai na 17 da 18 a tsakani. Kana ganin milimita biyu kamar wasa, to ka ninka sau biyar ka ga yadda wuyan zai buɗe. Ka ɗauki rula ka auna na mai biyar ɗinka yau ɗin nan, daga tsakiyar tsirkiya zuwa tsakiyar ta kusa da ita, sai ka nemi mai shida da ya yi kusa da wannan, hannun damanka zai gode maka. Mai matsattsiyar tazara yana da daɗin gudu da kod kuma wuyan ba ya faɗi sosai, amma in kai ɗan silaf ne (mai bugun tsirkiya da babban yatsa yana fizgo ta da manuni) mai manyan yatsu irin na masu faskare, yatsanka ba zai shiga tsakanin G da C ba, sai ka yi ta fizgo biyu a tare. Lamba ta biyu faɗin wuyan a can sama, misali SR mai biyar milimita 45 ne mai shida kuma 54. Sannan kauri da siffar bayan wuyan, wannan kam ba lambar da za ta gaya maka, sai tafin hannu.

Tsawo kuma inci 34 ko 35 za ka fi gani. Mai 35 irin su Ibanez BTB yana sa B ta yi tauri ta fita sarai, amma firet na farko zuwa na huɗu sai ka buɗe yatsu sosai, kuma a kunnena C takan ɗan yi ƙarfe-ƙarfe a kansa. Mai 34 da aka ƙera da kyau ya fi mai 35 na banza, kar inci ɗaya ya ruɗe ka. Yadda nake gwadawa, kafin a jona wuta ina manna kunnena a jikin katakon in kaɗa B a sake, sai firet na 1, na 3, na 5, in ji ko kowace tana da muryarta ko duk buu ɗaya suke yi. Daga nan a jona, kar a taɓa komai a amfilifaya, in bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya daga B har C in ji ko ƙarfinsu ya zo daidai. A masu araha sau da yawa C takan fito siririya kamar ta kuntigi alhali E tana ruri, in ka ji haka ka duba ko tsayin fikof, abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar muryarsu, ne ke buƙatar saiti, in an saita bai gyaru ba ka bar musu kayansu.

Kar ka gwada a zaune kawai. Ka rataya ka miƙe tsaye ka saki hannu biyu. In kan ya sunkuya ƙasa kamar jakin da aka yi wa lodi to haka za ka yi ta tallafe shi da hannun hagu kana kiɗa, kuma kan mai shida maɓallan tunin shida yake ɗauke da su, dole ya yi nauyi. Da yawa suna kai kilo 4 da rabi zuwa 5, ka tuna sujadar godiya ko bikin da za ka yi awa uku a tsaye cikin zafin Maris. Bel mai faɗi mai soso ba ado ba ne, ka sa shi cikin lissafi.

Yawancin masu shida masu batir ne, ɗan batir mai kusurwa huɗu ɗin nan na bolt 9. In ka samu wanda ke da makunnin da zai koma marar batir ka fi shi so, don batir ba ya mutuwa sai ana tsakiyar waƙa. Kuma ka riƙa zare kebul daga jikin bes in ka gama, barinsa a ciki shi ke shanye batirin. Ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka girgiza bakin jak ɗin da ake soka kebul, in zai yiwu ma ka gwada a kan janareta tunda da shi za ka fi aiki, wani bes ɗin shiru yake a shago amma ya haɗu da janareta da fitilun majami'a sai ya kama kukan ƙudan zuma.

Sai hunturu, wanda masu bidiyon YouTube na Turai ba za su gaya maka ba. Katakon da ya taso daga danshin Legas ya sauka Gombe a Disamba sai ya tsuke, wuya ya motsa, bakin firet su fito gefe suna yankar hannu. Saboda haka in na gwanjo ne ka shafa gefen wuyan sama da ƙasa ka ji, sannan ka ɗaga shi ka hango daga kai zuwa gindi kamar kafinta yana duba katako. Lanƙwasa kaɗan ba matsala, ana gyara ta da ƙarfen da ke cikin wuyan, amma in wuyan ya murɗe, gefen B ya yi nan gefen C ya yi can, ko kyauta aka ba ka wahala ce. Ka danna firet na farko da na ƙarshe a tare ka duba tsakiya, ratar kada ta wuce kaurin katin waya. Ka sa mai shi ya ɗan juya ƙarfen da alanki a gabanka ka tabbata yana aiki, wasu masu shida ma ƙarfe biyu gare su. Wuyan da aka haɗa da katako biyar a manne ya fi jure yanayinmu. In ya iso gida ka bar shi sati ɗaya ko biyu ya sha iskar garin kafin a yi masa saiti, kuma juyin alanki rubu'i-rubu'i ake yi ana jira, ba a murɗe shi kamar ana ɗaure taya.

Tsirkiya kuma ka tambayi inda za ka samu tun kafin ka biya kuɗin bes ɗin, don saitin shida ba kowane shago ke ajiyewa ba, sau da yawa sai an aiko daga Jos ko Abuja ko Legas kuma farashin dala yake bi. Wanda aka fi sawa lambar kaurinsa tana farawa daga 32 a C ta ƙare a 130 a B, in naka inci 35 ne ka tabbata dogayen aka ba ka. Ni nakan dafa tsofaffina a tukunya in shanya su bushe, suna ɗan farfaɗowa na wasu makonni, uwargida dai ta ware min tukunyar daban. Jaka ma ka gwada, ba kowace ta mai biyar ke ɗaukar mai shida ba.

In ka saya kar ka sayar da mai biyar ɗin nan da nan, kuma kar ka kai sabon gaban jama'a sai ka yi kamar sati uku da shi a ɗaki. Babban aikin shi ne kashe muryar waɗanda ba ka kaɗawa, kana kan ɗaya biyar suna gunaguni a bayanka. Ka daina kafe babban yatsa a kan fikof, ka kwantar da shi a kan tsirkiyoyin sama yana bin hannunka duk inda ya sauka, ka yi a hankali kana ɗaukar kanka a waya kana saurare. Robar ɗaure gashi ta mata in ka zura ta a saman wuya tana rage gunagunin, amma taimako ne kawai. Ni ban bi wannan ba, Asabar ya iso Lahadi na fito da shi. Muna cikin waƙar baiko na zo fizgar oktaf, yatsana ya saba tsirkiyar ƙarshe ita ce G, sai ya cafko C, wata murya ta fita da ba ta cikin waƙar kwata-kwata, har sau uku. Mai dram ɗinmu bai ce komai ba, ya dai juyo ya kalle ni, ya kalli bes ɗin, ya ci gaba da kiɗansa.