Yadda na gyara ɗaukar muryar ganin likita ta waya

A asibitin ƙauyenmu kusa da Ringim, likita daga Kano yakan duba marasa lafiya ta kiran WhatsApp, ni kuma in ɗauki muryar da izininsu don a rubuta. Sai fayil ya fito shiru. Na zargi netwok, na sauya manhajar ɗaukar murya, a banza. Ashe Android ba ya barin wata manhaja ta taɓa makirufo ana cikin kira.

Na aro waya ta biyu, na sa ta a yanayin jirgi, a manhajarta ta ɗaukar murya na zaɓi nau'in fayil na WAV, ingancin sauti 44.1 kHz, da mono (wato layin sauti ɗaya). Na ɗora ta kan ninkakken tawul don tebur yana kwaso girgiza, taƙi ɗaya daga sifikar wayar da ake kiran da ita. Na kashe fanka, na rufe tagar ɓangaren janareta. Alhamdulillahi, yanzu har sunayen magunguna ana jin su raɗau.