Kurakuran da ke ɓata ɗan sojan danƙo kafin ya hau teburin yaƙi

Sojan farko da na gina da danƙon Green Stuff yana nan a aljihun tebur, ban jefar ba. Idan ka juya shi za ka ga zanen babban yatsana kwance a kan alkyabbarsa, sarai kamar da gangan na dangwala. Ina can ina fama da fuska, ashe ina murƙushe bayan da na gama tun ɗazu. Kusan duk wanda ya fara ƙera wa kansa 'yan sojojin wasan yaƙi na kan tebur ta nan yake faɗawa, wato son a gama mutum ɗungurungum a zama ɗaya.

Danƙon nan kala biyu yake zuwa, shuɗi da rawaya. Da zarar ka cuɗa su sun zama kore, agogo ya fara bugawa: kana da kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na aiki, sannan yana bukatar kusan kwana guda kafin ya daskare sosai. Duk abin da bai daskare ba, taɓawa ɗaya ta ishe shi lalacewa. Don haka a yi ƙafa yau, a bar ta ta kwana. Gobe wando, jibi ƙirji. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ya jera sojoji uku ko huɗu yana zagayawa, idan ya taɓa wannan ya ajiye, ya ɗauki na gaba. Kuma kada a riƙe sojan da yatsu ko kaɗan. A soke wayar ƙafafunsa cikin toshiyar kwalba, toshiyar ce abin riƙewa.

Na ambaci waya, to ga kuskure na biyu. Wasu sukan mulmula danƙo su ja hannu da ƙafa haka kawai, kamar yaro da yumɓu. Green Stuff ba ya tsayuwa da kansa, kafin ya daskare hannun da ka ɗaga ya sauko, gwiwa ta lanƙwashe. Sai da ƙwarangwal. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan ta wadatar: a murɗa biyu su zama gangar jiki, a raba su daga ƙugu su zama ƙafafu, a lanƙwasa da filaya daidai gwiwa. Tun a waya ake yanke yadda sojan zai tsaya, ko gudu yake, ko ya ɗaga takobi. Idan tsayuwar ba ta da rai a waya, ado ba zai ba ta rai ba. Daga nan a shafa danƙo siriri ya rufe wayar, a bar shi ya bushe, domin sabon danƙo santsi yake a kan waya tsirara, amma yana kama ɗan'uwansa gam.

A wannan shafin farko ne ƙiba ke shigowa. Sojan milimita 28 ƙarami ne ƙwarai, rabin milimita a cinyarsa ba ƙaramin nama ba ne. Mutum ya yi jiki daidai yadda yake so, ya manta akwai riga, akwai sulke, akwai ɗamara, kowanne da kaurinsa. A ƙarshe sai ka ga soja kamar tulu. Jikin ciki ya zama ramamme har ka ji kamar ka yi rowa. Ka kuma ajiye ɗaya daga cikin rundunar da zai shiga a gabanka kana gwadawa. Mutum na gaskiya tsayinsa kusan ninki bakwai da rabi ne na tsayin kansa, amma sojojin wasan Warhammer da ire-irensu da gangan ake ƙara musu girman kai da hannaye da makami don a gan su daga nesa. Idan ka bi ma'aunin mutum sak, naka zai fito kamar maraya a cikinsu.

Cuɗawa ma tana da nata. Wurin da shuɗi da rawaya suka haɗu a tsakiyar zirin yakan fara daskarewa tun a fakiti. Yanke shi ka yar, in ba haka ba za ka yi ta cin karo da tsakuwa a tsakiyar kumatu. A cuɗa har kore ya zama bai ɗaya, babu zane-zanen shuɗi, don inda bai haɗu ba ba zai taɓa bushewa daidai ba. Rawaya ta fi yawa, danƙo ya yi laushi da kamu, ya dace da gashi da ƙananan ado. Shuɗi ya fi yawa, ya yi tauri. Kuma kullum abin da ka cuɗa ya fi abin da kake bukata, ni har yau ban daina wannan ba. Ragowar nakan mulmula ta ta zama jaka ko dutsen ƙasan ƙafa.

Sabon cuɗi yana da danƙo kamar cingam, yana bin wuƙa duk inda ta je. Masu gaggawa a nan suke yin fushi. Ka manna shi inda kake so tun yana da kamu, sannan ka ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ɗan natsu kafin ka shiga fitar da siffa. Kayan aiki kuma a riƙa jiƙa su da ruwa, ko a shafa musu basilin ɗan mitsitsi. Na ce ɗan mitsitsi, domin idan ya yi yawa shafi na gaba ba zai kama ba, fenti ma zai ɓare. Bayan ya bushe a wanke da sabulu da tsohon burushin haƙori. Akwai masu lasar bakin wuƙa maimakon tsoma ta a ruwa. A daina. Sinadarin epoxy ne, yana iya jawo wa fata borin jini, balle baki.

Wani abin da ya daɗe yana ba ni wahala shi ne takobi. Green Stuff ko ya bushe yana da ɗan taushin roba, ba ya karɓar goga, sai dai ya yi gashi-gashi. Tura shi ake yi da jan shi tun yana ɗanye, ba sassaƙa ba. Abu mai kaifin baki, irin takobi, garkuwa ko farantin sulke, aikin Milliput ne, wani danƙon da ake yi a Wales. Shi yana bushewa kamar dutse, a kankare da reza, a goge ya yi sumul. Da yawa sukan haɗa su rabi da rabi su sami amfanin duka biyun.

Zafi yana gaggauta bushewa, shi ya sa ake kifa gwangwani a kan sojan a ƙarƙashin fitilar tebur. Amma idan gyara kake yi a jikin sojan roba, ka kula, robar ce za ta fara narkewa. Haka danƙon Fimo, wanda ba ya bushewa sai an gasa shi a zafin digiri 110 na Celsius: ba a ɗora shi a kan sojan roba.

Sai fuska, inda garin neman gira ake rasa ido. Kan nan bai fi milimita biyar ba. Mutum ya yi hanci mai kyau, ya ce bari ya ƙara taɓa ido, hanci ya karkace, ya dawo hanci, baki ya shafe. Ramin ido biyu, tudun goshi, hanci da layin baki sun isa zaman farko. Fatar ido da gemu su jira gobe, lokacin da abin da ke ƙasa ya yi tauri. Koren danƙo kuma yana ɓoye aibi saboda ƙyallinsa. Idan kana ganin ka gama, fesa masa siririn fentin share fage mai ruwan toka, ka duba a hasken da ke zuwa ta gefe. Nan zanen yatsa da tsagar da ke tsakanin shafi da shafi za su fito fili. A dama Milliput da ruwa ya yi kamar madara, a bi tsagar da burushi, in ya bushe a goge, a sake fesawa.