Darasi na Bakwai: Digiri ta Intanet, Na Gaske da Na Bogi

Saƙo ya shigo wayarka ta WhatsApp. Ga hoton wani mutum da rigar yaye ɗalibai, a ƙasa an rubuta: digiri cikin wata shida, ba jarrabawa, biya kawai. Kai kuma ka daɗe kana son ƙaro karatu, amma ga shago, ga iyali, ba halin komawa aji. Kada ka tura ko sisi tukuna.

Karatu daga gida halastacce ne, kuma ya daɗe a Najeriya. An kafa jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Shi kansa daga baya ya shiga cikinta, ya yi karatu har digirin digirgir. Hedikwatarta tana Jabi a Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu a jihohi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Maiduguri su ma suna da sashen karatu daga nesa.

To, wa zai gaya maka makaranta ta gaske ce? Ba makarantar za ka tambaya ba, don mai kaya ba ya kushe kayansa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke ba jami'a lasisi. A shafinta na intanet akwai sunayen jami'o'in da ta amince da su, takan kuma fitar da sunayen na bogi. Idan karatun Turanci yana ba ka wuya, ka sa ɗanka ko malamin ajinku ya duba tare da kai. Ku karanta sunan baƙi bayan baƙi. 'Yan damfara sukan ari sunan babbar jami'a su canza kalma ɗaya.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: ganin sunan jami'a bai wadatar ba. NUC tana tantance kowane kwas daban. Jami'a tana iya samun izinin koyar da lissafin kuɗi, amma ba ta da izinin koyar da aikin jinya. Haka kuma izinin koyarwa a aji daban yake da izinin koyarwa daga nesa. Saboda haka tambayoyinka uku ne: jami'ar, kwas ɗin, da hanyar koyarwar.

A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya ba da labarin yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano da ke Jamhuriyar Benin cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Abin tausayi, har waɗanda suka yi karatu da guminsu a can abin ya shafa. Duk takardar ƙasar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin a karɓe ta don hidimar ƙasa. Ka tambayi ma'aikatar kafin ka biya, ba bayan ka gama ba.

Jami'a ta gaske za ta nemi sakamakonka na WAEC ko NECO, kiredit biyar har da Turanci, mafi yawan kwasa-kwasai kuma har da lissafi. Wanda ya fara daga aji ɗaya zai yi shekara huɗu ko fiye. Mai difloma ko NCE akan rage masa. Za ka yi aikin gida, za ka rubuta jarrabawa. A NOUN ma galibi sai ka je cibiya da ƙafarka ranar jarrabawa. Kuɗin makaranta kuwa asusun makaranta ake biya, a ba ka rasit. Idan aka turo maka lambar asusu da sunan mutum, ka rufe wayarka.

Aikin wannan mako: ka rubuta sunan jami'a ɗaya da kwas ɗin da kake so a littafinka. Ka nemo adireshin cibiyarta mafi kusa da garinku, ka je ka gani da idonka. Mako mai zuwa ka zo aji ka gaya mana wa ka tarar a ofis, da abin da ya ce game da kwas ɗinka.