Masauki da Abinci ga Mai Zuwa Ganin Ɗansa a Jami'ar Zinder

Duk wanda zai zo Damagaram ganin ɗansa ko 'yarsa a Jami'ar André Salifou, ya gama maganar masauki tun yana gida. Iyaye da yawa sukan taso da tunanin cewa ai yaro yana can, zai san yadda zai yi da su. Ɗalibi kuwa shi ma baƙo ne. Ko dai yana ɗakin kwanan ɗalibai da ake kira site, inda gado ɗaya ne rabonsa kuma ba a tanadi wurin don iyaye ba, ko sun haɗa kuɗi su uku ko huɗu sun kama ɗaki a cikin unguwa. In ka sauka a kansa, abokan ɗakinsa ne za su fita neman makwanci don kunyarka, shi kuma ya kwashe guzurin wata guda ya yi maka hidima, ba zai taɓa faɗa maka ba.

Fara da sa rana. A kira yaro sati biyu kafin tafiya, a tambaye shi yaushe jarrabawa take, domin jadawalin karatu yakan motsa, ranar da aka faɗa watan jiya ba lalle ta tsaya ba. Mafi dacewa ka iso ranar Alhamis ko Juma'a ka juya Lahadi, kwana biyu zuwa uku, don kada ya rasa darasi. In zuwan na sutnans ne, wato ranar da zai kare kundinsa gaban malamai, kada a sayi tikiti sai an kafe sanarwar rana da sa'a.

Nisan hanya shi ke nuna lokacin da za ka iso, shi kuma ke nuna irin shirin da za ka yi. Daga Maraɗi wajen kilomita 235 ne, ka fita da safe ka yi azahar a Zinder. Daga Yamai kusan kilomita 900 ne a kan babbar hanya, motocin kamfani suna tashi da asuba, ba sa isowa sai dare ya yi. Mai zuwa daga Agadez ta Tanut, ko daga Diffa ta Gure, ya ɗauka yini zai yi. Katin shaida ya kasance a aljihun gaba, saboda shingayen bincike a hanya, kuma masaukin kuɗi ba ya ba da ɗaki sai an cika takarda da lambar katin. Wanda ya iso tsakar dare ba tare da shiri ba, gara ya shimfiɗa a rumfar fasinjoji ta tashar kamfanin har gari ya waye, da ya hau kabu-kabu da kaya yana bin ƙofofi cikin duhu.

Masauki iri uku ne. Akwai gidan dangi ko na ɗan garinku, akwai ƙananan masaukai da gidajen saukar baƙi na ma'aikatu da ƙungiyoyi, sai kuma otal. Ko wanne ka zaɓa, tambayar farko ɗaya ce, ita ce ta ruwa. Zinder a kan dutse take zaune, ruwan famfonta daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyin Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma in bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, akwai unguwannin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba. Saboda haka in ka kira mai masauki, kada ka tsaya a "akwai ruwa?", kowa zai ce akwai. Ka ce, "Malam, kuna da tanki a sama ko famfo kuke jira? In an ɗauke, da me baƙo yake wanka?" Amsarsa za ta nuna maka irin gidan. Lissafin da ba ya ɓata shi ne jarka ɗaya mai lita 20 ko 25 ga mutum guda a yini, don wanka da alwala da bayan gida. Ku uku ne, jarka uku ke nan kullum, ban da na sha.

Bayan ruwa sai wuta. A tambaya ko akwai janareta ko sola, kuma ko yana ɗaukar fanka kaɗai ne ko har na'urar sanyaya ɗaki. Ɗaki mai fanka da mai na'ura ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma asara ce a biya na mai na'ura a kwana cikin gumi don wuta ta tafi. A Disamba da Janairu ba ka bukatar na'urar ma, abin da za ka nema bargo ne da bokitin ruwan zafi da asuba. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ka zo da gidan sauronka da igiya, ka duba ko tagogi suna da raga.

Kada a tura kuɗi kafin ido ya gani. A aiki yaron ya je da kansa, ya shiga ainihin ɗakin da za a ba ka. Ya buɗe famfon bayan gida, ya kunna fanka, ya ɗaga zanin gado ya dubi ɗinkin katifa ko akwai baƙaƙen ɗigo na kuɗin-cizo, ya gwada sakatar ƙofa daga ciki, ya ɗauko hoto ya turo ta WhatsApp. Ya kuma tsaya ya ji yanayin wurin da yamma, domin wasu masaukan suna haɗe da mashaya da kiɗa har dare, ba inda za a kai Hajiya ba ne. In ya gamsu, a tura masa kuɗin kwana ɗaya ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, ya biya ya karɓi rasiɗi mai ɗauke da rana da lambar ɗaki. A kuma ji ƙarfe nawa ake sakin ɗaki. Galibi sha biyun rana ne, in ka wuce a lissafa maka wani kwanan.

Wajen zaɓen unguwa, kusanci da inda yaro yake kwana ya fi kyan ɗaki, don kuɗin kabu-kabu da adaidaita sau huɗu a rana yana cinye rarar da aka samu. Zango da Sabon Gari sun fi sauƙin abin hawa da abinci; Zango dama can masaukin ayarin fatake ne, sunan ma daga nan ya fito. Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, wurin kai ziyara ne da yamma, amma lungunansa ƙanana ne, mota ba ta shiga ko'ina. A lokacin Sallah, da baƙi ke cika gari don kallon hawa, sai an kama ɗaki da wuri.

In gidan dangi za a sauka, a sanar da maigida da kansa mako guda kafin zuwa, a faɗi mutum nawa ne, maza nawa mata nawa, da ranar komawa. Ba a zuwa hannu sake: tiya biyu ko uku ta hatsi ko shinkafa, da ɗan mai da sabulu. Kuɗin cefane a damƙa wa uwargida a keɓe tun ranar farko, a ce, "Hajiya, ga wannan a ƙara a miya." In gidan sayen ruwa suke wajen 'yan ga-ruwa, ka biya na kwanakin da za ka yi ba tare da an tambaye ka ba. Wannan ya fi kowace tsaraba sauƙaƙa wa masu gida.

Abinci ba ya wuya a Zinder, sanin lokaci ne kawai. Da safe akwai mai shayi da burodi da ƙwai, akwai masu ƙosai da masa da koko a bakin titi. Na rana, shinkafa da wake ko shinkafa da miya ko dambu da zogale, a je tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu lokacin da tukunya take da zafi; abin da ya kai la'asar a buɗe cikin zafin bazara shi ke kawo gudawa. Bayan magariba ake samun tuwo da miyar kuka, da tsire da balangu. A sayi naman da aka sauke daga wuta a gabanka. A bar salak da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, musamman ga tsofaffi, a sha ruwan leda ko na kwalba. Fura da nono a saya inda yaro ya saba saye, shi ya san mai tsabta. Mai ciwon suga ko hawan jini ya taho da maganinsa na kwanakin duka da ƙarin na kwana biyu. Gidan cin abincin ɗalibai da tikiti ake shiga, nasu ne, kada a ce ya shigo da kai. Kai za ka fitar da shi, ya gayyato abokan ɗakinsa, ka ciyar da su sau ɗaya; a zaman nan za ka ga waɗanda yake tare da su, ka karɓi lambar ɗaya daga cikinsu.

Wanda ya fito daga Najeriya ya canji nairarsa zuwa sefa, ya kuma kula da ƙidaya. A nan da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai kabu-kabu ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, jika guda kuwa 1000 ce. A yi ciniki kafin a hau, a riƙe canji.

Kafin juyawa, a shiga kasuwar Dole tare da yaro, Alhamis ce babbar ranarta. A yi masa sayayyar abin da ke jimawa ba ya lalacewa: shinkafa, wake, garin rogo, ƙuli-ƙuli, mai, sukari, sabulu, da jarka mai murfi in ba shi da ita. Kuɗin da za a bar masa a raba biyu, rabi a hannu, rabi a tura bayan sati biyu. Tsarabar gida kuwa alkaki da kilishi. Kilishin a naɗe shi a takarda, don leda tana sa shi gumi ya yi laushi kafin a isa. Tikitin komawa a saye shi tun ranar da aka iso, a kuma tambayi ƙarfe nawa ake kiran suna a tasha.